Nukiliya a bakin Neja: wa ya auna ruwan?

Ba duk ruwan da ke sauka a jihar Yobe ne ke tafiya Tafkin Chadi ba. Na kudancin jihar, wajen Fika da Gulani, wani kogin Gongola yake faɗawa. Ya bi ta madatsar Dadin Kowa, ya wuce ta Kiri, ya shiga Binuwai a Numan. Binuwai ya ratsa da shi Makurɗi, ya kai shi Lokoja inda ake gamuwa da kogin Neja. Da ka ƙara gangarawa kudu kaɗan, a ƙasar Ajaokuta, akwai wani wuri da ake kira Geregu. Nan ne ɗaya daga cikin wurare biyu da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya ta ware don gina tashar lantarki ta nukiliya. Ɗayan shi ne Itu a jihar Akwa Ibom, shi ma a bakin kogi yake.

Na san abin da mai karatu a Ngojin ko Mamudo zai ce da ya ga kan wannan magana: mu da wutar NEPA ma sai mu kwana biyu ba mu gan ta ba, me ya haɗa mu da nukiliya? To, ruwanmu zai wuce ta ƙofarta. Tirelolin Potiskum masu dakon shanu da hatsi zuwa kudu ta Lokoja da yawansu suke bi. In kuma aka ci bashin gina ta, ba za a tsame Yobe daga biya ba, ko wutar ta iso mu ko ba ta iso ba.

Maganar ba ta yau ba ce. Tun 1976 aka yi dokar kafa hukumar, ta yi barci na shekara talatin, aka farkar da ita a 2006. A watan Oktoba na 2017 Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan gina tasha da cibiyar bincike. A watan Maris na 2022 aka sake sanar da shirin tasha mai megawat 4,000. Har yanzu ba a haƙa ko harsashi ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin yanzu ne lokacin magana. Tsawon tudun da za a ɗora tasha a kai, da inda za a ajiye injinanta na ko-ta-kwana, abubuwa ne da ake yankewa a takarda. Tun ran gini tun ran zane. In siminti ya bushe, gyara sai dai faci.

Ba na cikin masu cewa nukiliya haramiyarmu ce. Wanda ya ga mai walda a Potiskum ya wuni zaune yana kallon ƙarfe, ko mai ƙanƙara yana zubar da ruwan da bai daskare ba, ba zai raina duk wata hanyar samun wuta ba. A watan Oktoba na 2024 kusan duk Arewa ta yi fiye da mako a duhu saboda lalacewar manyan layuka. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar, abin kunya ne. Afirka ta Kudu tana cin wutar tashar Koeberg tun 1984. Masar ta fara ginin El Dabaa a 2022. Yuraniyom ɗin Arlit da ke Nijar, nan maƙwabtanmu, tun 1971 ake haƙarsa, ya shafe shekaru yana haska gidajen Faransa. Babu wanda zai ce ba mu cancanci namu ba. Abin da nake cewa ɗaya ne: ƙasar da ba ta iya riƙe ruwan madatsar Alau ta Maiduguri ba, sai ta fara nuna mana cewa ta san ruwan Geregu kafin mu yarda ta kunna tukunyar nukiliya a can.

Mutane da yawa suna zaton haɗarin ambaliya ga irin wannan tasha shi ne ruwa ya shiga cikin tukunyar ya kwaso guba ya fito da ita. Ba ta nan ɓarnar ke farawa ba. Tukunyar tana cikin ƙarfe mai kauri, ƙarfen yana cikin ginin kankare. Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Tashar gas irin wadda ke Geregu yanzu, in ka rufe bututu wuta ta mutu, shi ke nan. Tukunyar nukiliya kuwa ko an kashe ta, makamashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da zafi da kansa, babu maɓallin da ke tsayar da shi. Daƙiƙar da aka kashe, ragowar zafin yana kai kusan kashi 6 cikin 100 na ƙarfinta. Bayan awa ɗaya ya sauko zuwa kashi ɗaya da rabi, bayan kwana guda wajen rabin kashi ɗaya. A ido kamar kaɗan ne. Amma tukunyar da ke ba da megawat 1,200 na lantarki, zafin megawat 3,200 take dafawa. Kashi 6 na wannan ya kusa megawat 200, kuma ko bayan kwana ɗaya akwai sauran megawat goma sha wani abu. Ya isa ya ƙafar da ruwan tukunyar, ya narkar da makamashin, in ba a ci gaba da zagaya ruwan sanyi ba.

Zagaya ruwa kuwa sai da famfuna, famfuna sai da lantarki. Ga abin mamakin: tashar da ke ba gari wuta, ranar da ta tsaya ita ce ta fi kowa buƙatar wuta daga waje. In babban layi ya yanke, sai ta koma kan janaretocin dizal. In su ma suka mutu, sai batura, su kuma na 'yan awoyi ne. Shi ya sa ake gina tashoshin a bakin teku ko babban kogi, don ruwan sanyaya ya wadata. Shi ya sa kuma ruwan da aka je nema yake zama babban abin tsoro, domin ambaliya ita ce masifar da ke iya cin layin waje, ta ci janareta, ta ci batura, ta kuma yanke hanyar da za a kawo ɗauki, duk a dare ɗaya.

Abin da ya faru ke nan a Fukushima ta ƙasar Japan ranar 11 ga Maris, 2011. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku da rana, tukwane uku da ke aiki suka kashe kansu kamar yadda aka tsara. Layukan waje suka yanke, janaretoci suka tashi. Har nan komai daidai. Kusan minti hamsin bayan haka igiyar tsunami ta iso, tsayinta wajen mita 14 zuwa 15. An shirya wa tashar igiyar mita 5.7 ne, kuma filin da aka gina manyan tukwanen bai wuce mita 10 daga saman teku ba. Abin takaicin, asalin wurin tudu ne mai tsayin mita 35, masu gini suka sassaƙe shi suka sauko da shi, don su kai ga dutse mai ƙarfi, don kuma jawo ruwan teku ya yi arha. Yawancin janaretocin da allunan rarraba wuta a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke. Ruwa ya cika su. Cikin janareta goma sha uku, ɗaya ne ya tsira, wanda ke wani gini a sama, kuma shi kaɗai ya ceci tukunya ta biyar da ta shida. A sauran, ma'aikata har baturan motoci suka riƙa cirowa suna jonawa don su iya karanta ma'auni a cikin duhu. Tukwane uku suka narke, gine-gine uku suka yi bindiga, aka kwashe mutum sama da 150,000 daga gidajensu. Fiye da mutum 2,000 a lardin, yawancinsu tsofaffi, wahalar gudun hijirar ce ta yi ajalinsu.

Akwai wani matashi mai shagon cajin waya a bakin hanya a Ngojin. Da damina ta kankama na ga ya ɗora ɗan janaretansa a kan bulo huɗu, ya shimfiɗa katako a sama, ya ɗaure masa leda daga gefen da iska ke kaɗo ruwa. Allon da yake jona wayoyin kuwa a jikin bango ya kafe shi, daidai ƙirjin mutum. Na tambaye shi ko ruwa ya taɓa shiga shagon. Ya ce, "Bai taɓa ba, Malam. Amma ranar da ya shiga, ai ba sallama zai yi ba. Injin nan shi ne jarina, wayoyin kuma amanar mutane ce." Bai yi karatun injiniya ba. Abin da ya yi da bulo huɗu shi ne abin da kamfanin TEPCO mai tashar Fukushima, da duk dukiyarsa da ƙwararrunsa, ya kasa yi cikin shekara arba'in.

Kuma ba rashin sani ba ne. A 2008 wani lissafi na cikin kamfanin ya nuna cewa igiya mai tsayin mita 15.7 tana iya zuwa. Aka ce a ƙara nazari, aka ajiye takardar. Kwamitin da majalisar dokokin Japan ta kafa, ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa, ya fito a 2012 ya ce wannan bala'i hannun mutum ne ya jawo shi. Ya kuma nuna yadda hukumar da ya kamata ta sa ido ta zama 'yar amshin shatar kamfanonin, ga ta kuma a ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliya. A shekarar aka rushe ta aka kafa sabuwa mai cin gashin kanta.

Labarin da ba a cika bayarwa ba shi ne na Onagawa. Ita ce tashar da ta fi kusa da cibiyar girgizar, igiyar da ta same ta ta kai wajen mita 13, amma ta tsira, har mutanen ƙauyukan kusa suka gudo cikinta suka fake. Dalili shi ne wani tsohon injiniya, Yanosuke Hirai, ya kafe tun lokacin zane cewa sai an ɗora ta a mita 14.8. Hujjarsa ba ma'aunin zamani kaɗai ba ne, har da tarihin wata igiya da ta ci gaɓar a shekarar 869. Ya rasu tun kafin ranar ta zo. Duk dattijon da ya taɓa hana ɗansa sayen fili da cewa "nan hanyar ruwa ce, kakanku ya gani", ya san irin gardamar da mutumin nan ya sha.

Za a ce ai Geregu ba bakin teku ba ne, kuma mu ba mu da tsunami. Gaskiya ne. Sai mu duba na bakin kogi. Daren 27 ga Disamba, 1999, guguwa ta haɗu da cikar ruwa a mashigar Gironde ta Faransa, ruwa ya tsallake katangar tashar Blayais. Ya bi ta ramukan da aka shimfiɗa wayoyi ya shiga ɗakunan ƙasa, ya kashe wasu famfunan sanyaya da wasu na'urorin ko-ta-kwana, hanyar shiga tashar ma ta yanke. An sha da ƙyar. Daga baya ta bayyana cewa an riga an gano katangar tana buƙatar ƙari, aka ɗage aikin zuwa gaba.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Fort Calhoun a jihar Nebraska ta Amurka, a bakin kogin Missouri. A watan Yuni na 2011 madatsun da ke sama suka cika, dole aka buɗe su, ruwa ya zagaye tashar ta zama tsibiri, ma'aikata suna shiga ta kan gadojin wucin gadi. An kewaye ta da wata doguwar robar da aka ɗura wa ruwa a matsayin shinge, ranar 26 ga watan wata ƙaramar motar aiki ta huda ta, ta sace. Duk da haka ba a yi asarar sanyaya makamashin ba. Sa'a ta taimaka, domin an kashe tukunyar tun watan Afrilu don sauya makamashi. Amma abin da ya fi sa'a shi ne, a 2010 masu binciken hukumar sa ido ta Amurka sun duba shirin tashar na ambaliya suka ce bai isa ba, suka rubuta mata laifi, suka tilasta gyara. Kamfanin ya yi gardama, hukumar ba ta janye ba. Shekara ɗaya tsakani ruwan ya zo.

Ka jera su huɗun ka duba. Babu inda ruwan ya zo wa kowa da bazata ta gaskiya. A kowanne akwai wanda ya gani tun da wuri ya faɗa. Inda aka ji maganarsa an tsira, inda aka jefa takardarsa a durowa an ji jiki. Tambayar da ta rage mana ita ce, a ƙasarmu, wane irin wuri ne takardar gargaɗi ke kwana?

Kafin in amsa, adalci ne in faɗi abin da muka iya. Najeriya tana da tukunyar nukiliya guda ɗaya mai aiki, kuma a Arewa take, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙirar ƙasar Sin ce, an kunna ta a watan Fabrairu na 2004, ana kiranta NIRR-1. Da ita ake tantance sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci, ana kuma horar da ɗalibai. A 2018 masananmu tare da abokan aiki na waje suka sauya mata makamashi, aka cire yuraniyom mai tsananin tacewa aka mayar da shi Sin, aka sa mai sauƙi. Sama da shekara ashirin ke nan ba a ji wani abin tashin hankali daga can ba, kuma mutanen da suka riƙe ta sun cancanci yabo. Sai dai kada a ruɗe mu da ita. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne. A cikin tafkin ruwa take zaune, ruwan yana zagayawa da kansa, ba ta jiran famfo ko janareta don ta huce. Wadda ake maganar kaiwa Geregu ta ninka ta wajen sau dubu ɗari. Zariya ta nuna muna da masu ilmi. Ba ta nuna muna da gwamnatin da za ta kula da katangar ruwa na shekara sittin ba tare da fashi ba.

Yanzu ga Geregu. Duk abin da Neja da Binuwai suka kwaso ta gabansa yake wucewa. A saman Neja akwai madatsun Kainji da Jebba, a kan kogin Kaduna akwai Shiroro da Zungeru, a kan Binuwai akwai Lagdo ta Kamaru, wadda ba mu da iko da ƙofofinta. Tun da aka gama Lagdo a 1982 ake maganar gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don ta tare ruwan da za a riƙa sakowa. Shekara arba'in da ɗoriya, ba a gina ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 bisa ƙididdigar hukumar NEMA, ta raba sama da miliyan biyu da muhallinsu, Lokoja ta nutse, hanyar Abuja ta yanke. Aka ce ba a ga irinta ba cikin shekaru arba'in. Shekara goma kacal, a 2022, ta dawo ta fi ta da: sama da mutum 600 suka rasu, ruwan da aka auna a Lokoja ya zarce na 2012. Hanya ta sake yankewa a Koton Ƙarfe, ta Ganaja mai zuwa Ajaokuta ta koma ta kwalekwale. Tankokin mai suka yi cirko-cirko har Abuja ta shiga layin fetur. Direbobinmu da suka kwana a wannan cunkoso da dabbobi a bayan mota ba sa buƙatar a ba su labari.

Ƙasashen da suka ɗauki darasi daga Fukushima, ƙa'idarsu ita ce a shirya wa ambaliyar da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara 10,000, a kuma ƙara tazara a kai. Mu bayanan kogin da muke da su na shekara ɗari da 'yan kai ne, kuma manyan ambaliya biyu da suka fi girgiza mu a wannan zamani sun zo ne a tsakanin shekara goma. Damina ta sauya hali. Ruwan da a da yake sauka cikin mako, yanzu a dare ɗaya yake zubowa. Mun gani a Mokwa ranar 29 ga Mayu, 2025, inda ba Neja ne ya yi ɓarnar ba, ruwan sama ne da ya taru ya rasa mafita, ya kashe fiye da mutum 150. Mun gani a nan Potiskum a watan Agusta na shekarar, unguwanni suka kwana a tsaye. Lissafin da aka ɗora a kan ruwan jiya kaɗai zai yi ƙarya.

Sai Alau. Madatsa ce a kan kogin Ngadda, ta taɓa cin Maiduguri a 1994, saboda haka babu mai cewa ba a san halinta ba. An yi ta kukan cewa tana buƙatar gyara. Kwanaki kaɗan kafin ta ɓalle, jami'ai sun kwantar wa jama'a da hankali. Daren 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shiga gari mutane suna barci. Dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni. Ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa ya lalata na'urori masu tsada, ya rusa katangar gidan yari fursunoni kusan 280 suka fice, ya saki namun dajin gidan zu. 'Yan'uwa da yawa a nan Yobe sun kwana suna kiran lambobin da ba sa shiga. Bayan an gama ɓarna sai aka amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Kuɗin da ba a samu ba lokacin gyara, an same shi lokacin makoki. Madatsar ƙasa da dutse ke nan, fasahar da ɗan'adam ya sani tun zamanin Fir'auna.

Masu goyon bayan shirin suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Za su ce tukwanen zamani ba irin na Fukushima ba ne, waɗanda aka zana tun shekarun 1960. Irin wadda Rasha ke ginawa a Masar tana da tsarin da ke janye zafi da kansa ba tare da lantarki ba, har na tsawon awa 72. Za su ce Bangaladash, ƙasar da ambaliya ta zame mata abokiyar zama, ta fara gina biyu a Rooppur a bakin kogin Padma, ta hanyar cike filin a ɗaga shi sama. Duk na yarda. Injiniya yana iya gina tasha a Geregu da ruwan 2022 ba zai taɓa ko dakalinta ba.

Amma awa 72 kwana uku ne. An tsara su ne bisa zaton cewa kafin su cika, wutar waje ta dawo ko tankar dizal ta iso. Ruwan Lokoja na 2022 makonni ya yi bai janye ba. Babban layinmu na ƙasa kuwa ba ya jiran ambaliya kafin ya faɗi, a 2024 kaɗai ya durƙushe wajen sau goma. Masana ma suna ba da shawarar kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa, tamu kuwa guda ɗaya za ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wato ranar da ta tsaya don gudun ruwa, ita da kanta za ta iya kayar da layin da take jira ya cece ta. Sannan ƙofar da ke hana ruwa shiga tana da roba a bakinta da ke tsufa. Ramin waya yana da toshi da ake sabuntawa. Dizal ɗin da ke tanki sai an tabbatar yana nan, ba a takarda kaɗai ba. Waɗannan ba Rasha ce za ta yi mana su ba a shekara ta ashirin da biyar, lokacin da waɗanda suka yanke ƙyallen buɗewa duk sun bar mulki. Wanda yake ganin na cika baƙin zato, ya ɗaga kai daga Geregu ya dubi kamfanin ƙarafa na Ajaokuta. Tarayyar Sobiyet ce ta fara gina shi a 1979, a ƙasa ɗaya, da alkawura masu daɗi irin waɗannan. Har yau bai narkar da tama ya fitar da ƙarfe ba. Shi da aka yi watsi da shi, tsatsa kawai ya yi. Tukunyar nukiliya ba ta yarda a yi watsi da ita.

Kuɗin ma ba na wasa ba ne. Masar bashin dala biliyan 25 ta karɓa daga Rasha don El Dabaa. Wanda ya ci irin wannan bashi, kullum a matse yake ya ga tasha tana aiki tana kawo kuɗi. A irin wannan yanayi ne ake buƙatar jami'in da zai ce a kashe ta, damina ta yi ƙarfi, ko a dakata sai an ƙara katanga mita biyu, kuma ya kwana da aikinsa. Muna da Hukumar Sa Ido kan Nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1995 ta fara aiki a 2001, kuma akwai ƙwararru a cikinta. Amma mai ginin gwamnatin tarayya ce, mai cin bashin ita ce, mai naɗa shugaban hukumar da sauke shi ita ce. Japan ta gwada irin wannan zama, mun ga inda ya kai ta.

Don haka kirana ga sanatocin Yobe uku da 'yan majalisar wakilanmu, musamman mai wakiltar Potiskum da Nangere, ba wai su yaƙi shirin ba ne. Su nemi a kawo gaban majalisa, a fili, binciken ambaliya na Geregu da na Itu: tsayin filin daga saman kogi, ruwan da aka lissafa zai iya zuwa, da abin da zai faru in Lagdo da Jebba da Shiroro suka buɗe ƙofa a mako ɗaya, ko ɗayansu ta ɓalle. A sabunta shi da ruwan 2022, a ba masana na Zariya da Maiduguri da na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya su tantance, a fassara taƙaitaccensa da Hausa da Igala da Ibira da Ibibiyo don waɗanda za su kwana kusa da ita su karanta. Su gyara doka yadda ba za a iya sauke shugaban hukumar sa ido don ya ce a'a ba. Su kuma ƙi amincewa da ko sisin bashin nukiliya sai an gama Alau, an duba lafiyar manyan madatsun ƙasar nan an buga sakamakon, an kuma yanke magana ɗaya a kan Dasin Hausa. Kai kuma mai karatu, in ɗan majalisarka ya zo gida hutu ko ta'aziyya, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin takardar Geregu da idonsa. In ya ce bai gani ba, ka ce ya je ya nemo ta kafin ya ɗaga hannu.